Mama ba ta son sanyi, yara kuma Grand Canyon suke so: ina za mu sauka a hamadar Amurka?

Tambaya: Salamu alaikum. Muna zaune a Minnesota, ni da maidakina da yara biyu, ga kuma mahaifiyata da ta zo mana kuma sanyin nan yana tayar mata da ciwon gwiwa sosai. Mun samu hutun kwana 8 karshen Disamba, muna so mu gudu hamadar kudu maso yamma mu dan sha dumi, yara kuma sun nace sai Grand Canyon. A ina ya kamata mu sauka, kuma me za mu yi da bai fi karfin Mama ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya kara wa Mama lafiya, ya saka maka da alheri da ka sa ta a gaba cikin lissafin.

Abu na farko da nake fada wa duk wanda ya zo min da irin wannan tambayar, kar ka kalli kalmar hamada ka dauka ko'ina dumi ne, a yankin nan tudun wuri shi ke yanke hukunci. Duk mita 1,000 da ka hau sama zafi yana raguwa da kusan digiri 6. Phoenix tana kan mita 330 ne kawai, a Janairu da rana takan kai digiri 19 zuwa 20, da asuba ta sauko wajen 7. Amma bakin kudu na Grand Canyon, wato katon kwazazzabon nan mai zurfi, yana kan mita 2,100, da rana da kyar ya wuce digiri 5 ko 6, da dare kuwa ya fadi kasa da sifili sosai har dusar kankara ta rufe hanya. Jiha daya ce fa, Arizona, tafiyar awa 4 a mota. Na sha ganin iyalai sun iso can da 'yar riga mara nauyi saboda sun ji an ce hamada, sai ka ga ko minti goma ba su iya yi a waje ba, kuma abin yana bata min rai saboda kudi suka kashe suka yi doguwar tafiya.

Don haka shawarata ku kwana a kasa, ku hau sama ziyara kawai. Ni da zan zaba muku, Tucson zan ce, ita ma a Arizona take, ta fi Phoenix natsuwa ga cunkoso bai kai ba, yanayin kusan daya ne sai dai darenta ya dan fi sanyi. Ku kama gidan haya sukutum maimakon dakunan otal, mai kicin, mara bene saboda gwiwar Mama, in da hali mai murhun wuta a falo ko a tsakar gida. Dadin hunturun hamada a nan yake wallahi, rana takan fadi wajen karfe biyar da rabi, iskar ta bushe ba ta rike zafi, sai ka ji sanyi ya sauko lokaci daya, a kunna wuta a dora shayi kowa ya lulluba da bargo, ga taurari kamar ka mika hannu ka tsinko.

Gandun Saguaro ya sa Tucson a tsakiya, bangare daya gabas daya yamma. Saguwaro ita ce doguwar bishiyar nan mai kaya mara ganye da ke daga hannuwa sama, a hamadar Sonora kadai take fitowa, sai ta shekara 50 zuwa 75 kafin ta fid da hannu na farko, tana kuma rayuwa shekara 150 har fiye. A bangaren gabas akwai titin kwalta na zagaye mai kilomita 13, Mama tana zaune a mota za ta ga komai, inda ta ji dadi a tsaya ta taka kadan. Yara kuma ku kai su gidan adana halittun hamada na Arizona da Sonora da ke yammacin gari, tun 1952 yake, rabi gidan dabbobi rabi lambu, amma yawancinsa a waje ne kuma akwai tafiya, ku nemi keken guragu a kofa don Mama, ba abin kunya ba ne. Macizai ma a wannan lokacin sun lafe a ramukansu.

To batun Grand Canyon, kar a hana yara, amma a yi shi da dabara. Bakin arewa a rufe yake da hunturu, na kudu ne a bude duk shekara. Ku tashi ku kwana biyu a Sedona, garin jajayen duwatsu, tana kan mita 1,300 sanyinta da dan sauki, daga nan awa biyu da 'yan mintuna ne zuwa can. Ku isa wajen sha daya na safe lokacin da kankarar kan titi ta narke, ku baro kafin duhu. Wani alheri na hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu ana barin motocin mutane su bi titin Hermit, wanda sauran watanni sai dai bas, kenan za ka iya kai Mama bakin wurin kallo da hita a kunne, ta fito minti biyar ta gani ta koma ciki. In kuma hasashen yanayi ya nuna dusar kankara za ta sauka ranar a Flagstaff, garin da ke kan hanyar Sedona zuwa Grand Canyon, don Allah a daga tafiyar, garin yana samun fiye da mita 2 na dusa a shekara, kuma motar haya daga Phoenix galibi ba ta zuwa da tayar kankara. Na san kun saba tuki a Minnesota, amma hanyar dutse mai gangara da lankwasa daban ce. In dare ya yi kyau kuma Mama ta yarda ta huta a masauki, a Flagstaff din ne akwai dakin binciken taurari na Lowell inda aka gano karamar duniyar Pluto a 1930, suna barin baki su leka madubin hangen nesa.

Akwai zabi na biyu da zan so ka auna, musamman saboda gwiwar nan, wato kwarin Coachella a Kalifoniya, awa 4 daga Phoenix. A Desert Hot Springs ruwan zafi ne ke bubbugowa daga karkashin kasa, kananan masaukai da yawa sun ja shi cikin kwamin wanka, wasu ma har cikin daki in ana son sirri, sai dai ka tambaya kafin ka biya don wasunsu ba sa karbar yara. In Mama tana da hawan jini ko ciwon zuciya a fara jin ta bakin likita, kuma kar ta dade a ciki. Kusa da nan a Palm Springs akwai taragon da ke hawa dutse a kan waya, minti 10 ya dauke ku daga cikin hamada zuwa kusan mita 2,600 cikin dogayen bishiyoyi da sanyi, yana juyawa a hankali kowa ya ga kowane gefe. Ga gonakin dabino a Indio, akwai dabinon Majdul da aka kawo irinsa daga Maroko a 1927, suna markada shi da madara mai sanyi a sha. Matsalar kawai daga nan Grand Canyon ya yi nisa, kwana 8 ba zai dauki duka biyun ba tare da kun wahalar da tsohuwa a mota ba.

Garuruwan Santa Fe da Taos a jihar New Mexico na da kyau matuka, gidajen laka da kamshin itacen da suke konawa a murhu, amma Santa Fe ma tana kan mita 2,100 ne, ku bar ta sai wani zuwan. Kwarin Death Valley a Kalifoniya kuwa hunturu ne lokacinsa, wurin da aka auna digiri 56.7 a 1913 amma a Disamba da Janairu wajen 19 yake da rana, sai dai masauki kadan ne kuma asibiti da nisa, ba zan kai dattijuwa ta kwana can ba.

Kananan abubuwa kafin ku tashi. Ku kama gida da wuri saboda makon Kirsimeti zuwa sabuwar shekara mutanen jihohin arewa da Kanada duk nan suke kwararowa. Ku sha ruwa ko ba ku ji kishi ba, a tafi da man shafawa da na lebe don iskar tana busar da fata. In ba ku cin alade, a gidajen abincin Meziko ku tambaya ko da kitsen alade aka dafa waken ko aka murza fulawar, da yawa haka suke yi. Kayan sanyinku na Minnesota kuma kar a bar su a gida, a zuba su a but, ranar Grand Canyon za a neme su, safar hannun Mama da hularta su kasance a sama inda hannu zai kai da sauri.