Abin da ya sa ƙuri'ar taki ke maimaita sunaye

Ɗana, ka ce manhajar da ka rubuta da C, yaren tsara manhajar kwamfuta, don ƙuri'ar rabon taki a ƙungiyar manoman ƙauyenku, mutum goman nan take fitarwa kullum, ko sau nawa ka kunna ta. Lafiyarta ƙalau.

Kwamfuta ba ta san canki-canka ba. Aikin rand(), umarnin C da ke zaɓo maka lamba, lissafi ne zalla: ta ɗauki lamba ta jujjuya, ta ba ka sakamako, ta kuma ɗora lissafin gaba a kan wanda ya wuce. Lambar da ta fara da ita, ita ake kira iri. Gero ka shuka, gero za ka girbe. In ba ka ba ta iri ba, ƙa'idar C ta ce a ɗauka 1 ka bayar, shi ya sa jerin bai taɓa canzawa ba.

Sa srand(time(NULL)) a farkon main, wato inda manhajar ke fara aiki: srand ke ba rand() iri, time kuma ke karanto agogo. A yawancin na'urori time na ƙirga daƙiƙoƙi ne tun daga 1 ga Janairu 1970, to duk kunnawa da irinta. Amma sau ɗaya tak! Kada ka kuskura ka jefa shi cikin zagayen da ke zaɓo sunaye. Kwamfuta za ta gama zagayen kafin daƙiƙa guda ta cika, iri bai motsa ba, sai ka ga suna ɗaya ya fito sau goma a jere.

Ranar rabo kuwa, ni ba zan bar wa agogo ba. Taki abin rigima ne, wanda bai samu ba sai ya yi zargi. Fara buga jerin sunayen duk masu shiga ƙuri'ar, a manna a ƙofar gidan dagaci kowa ya gani. Bayan nan dattawa uku kowa ya faɗi lambobi guda biyu a bainar jama'a, ka haɗa su su zama iri, ka rubuta a takardar. Duk mai ƙorafi a sake kunna masa da wannan lamba, jeri ɗaya, manhaja ɗaya, a kan na'urar nan, sunayen da suka fito su za su sake fitowa. Haka ma in kana farautar kuskure, kafe iri guda.

In kalmar sirri za ka ƙirƙira kam, kada rand() ta kusance ta, don mai wayo zai iya hasashen lokacin da ka kunna. A kwamfuta mai tsarin Linux ɗebo daga /dev/urandom, fayil ɗin da ke ba da lambobi masu wuyar hasashe; in da yaren Python kake rubutu yi amfani da secrets, sashensa da aka tanada don wannan aiki.