Amsoshin tambayoyinku kan furannin cikin gida

Wata Hajiya daga Zariya ta ce bogenbiliyarta, shukar nan mai ƙaya da ke hawa bango tana fure mai launi, ta cika katanga da ganye amma ba fure, alhali kullum tana ba ta ruwa da yuriya. Hajiya ai ruwan da yuriyar ne suka hana furen. Wannan shuka sai ta ɗan sha wuya take fure, shi ya sa kike ganinta jajir a lokacin hunturu a gidajen da ba mai kula da ita. Ki daina yuriya, ki bari ƙasar ta bushe kafin ki sake ban ruwa, kuma in inuwar bishiya ta rufe ta a sassabe reshen.

Wani malam daga Gusau ya tambaya ko zai iya dasa furen kariya a tsakar gida yana da awaki da yara ƙanana. Ruwan jikinta dafi ne malam, sa ta a tukunya ka ɗora inda ba za su kai ba.

Sai kuma tambayar da ke zuwa kusan kowane mako, wannan karon daga wata 'yar'uwa a Kano, farin abu kamar auduga ya manne a ƙarƙashin ganye da tsiron furenta, ganyen na nannaɗewa yana baƙi, ta sayi maganin feshi mai tsada har sau biyu ba canji, yanzu wai an ce ta gwada otapiyapiya. Don Allah kar ki fesa wannan a gidan da ake girki yara na wasa a ƙasa! Na sha faɗa, farin abun nan ƙwaro ne, jikinsa lulluɓe yake da wani abu mai maiƙo, in an fesa magani zamewa yake yi bai taɓa shi ba, sai dai ya kashe ƙwarin da ke cinye shi ki ƙara wa kanki aiki. Kuma duba da kyau za ki ga tururuwa na hawa da sauka, su ne ke kiwonsa saboda ruwan zaƙin da yake fitarwa, baƙin da kike gani a ganye ma a kan wannan zaƙin yake fitowa. In ba ki tare hanyar tururuwar ba za su ci gaba da tsaronsa.

Ki yanke rassan da suka lalace ki ƙona. Ki daka 'ya'yan darbejiya busassu kamar rabin kilo, ki jiƙa a lita 10 na ruwa su kwana, ki tace da ƙyalle, ki narka ɗan sabulu a ciki don sabulun ne ke fasa maiƙon. Ki fesa da yamma bayan la'asar, ƙarƙashin ganye musamman, ba da rana tsaka ba ganyen zai ƙone. A maimaita duk mako har sau uku ko huɗu saboda ƙwai na ci gaba da ƙyanƙyashewa, nan ne yawancinku kuke gajiya ku ce bai yi aiki ba.

Mai tambaya kan kashin kaji a tukunyar fure, ɗanye yana ƙona saiwa, a bar shi ya ruɓe tukuna.