Digirin Digirgir da Kujerar Baya

Ɗana,

Saƙonka ya iso. Ka ce ka gama horo a makarantar koyon aikin jakadanci, an ajiye ka a tebur kana jera takardu kana kai fayil ofis-ofis, kuma zuciyarka na raya maka ka ajiye aikin, ka tafi ka yo digirin digirgir a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa, ka dawo ta sama kamar yadda Farfesa Ibrahim Gambari ya yi. Kada ka ajiye. Karatun kam ka yi shi, amma da sauran lokaci, kuma ba don wannan dalili ba.

Tun da shi ka ɗauka madubi, mu duba hanyar da ya biyo. An haife shi a Ilori a 1944, ya yi King's College a Legas, ya yi digirin farko a Landan, sannan na biyu da na uku a Jami'ar Columbia ta New York, ya kammala a 1974. Ya koyar a Amurka, ya dawo Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga nan aka ba shi shugabancin cibiyar nazarin harkokin ƙasa da ƙasa da ke Legas a 1983. Bai daɗe a kujerar ba soja suka kifar da gwamnatin Shagari, Janar Buhari ya naɗa shi ministan harkokin waje a farkon 1984, yana da shekara 39. Ƙofar nan gaskiya ce, kuma ba shi kaɗai ya bi ta ba. Bolaji Akinyemi da Joy Ogwu duk daga wannan cibiya suka zama ministoci, Tijjani Muhammad-Bande kuwa daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo da cibiyar nazarin manufofin ƙasa ta Kuru ya tafi New York har ya shugabanci Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019. Sai dai ka ƙirga su, sannan ka ƙirga masu digirin digirgir a wannan fanni da suka yi ritaya a aji ba wanda ya taɓa kiran su ko fassara wasiƙa. Ƙofa ce da mai mulki ke buɗewa daga ciki, ga wanda ya ga dama, ranar da ya ga dama. Ba a tsara rayuwa a kanta.

Ka kuma lura da abin da ya tarar bayan ya shiga. Ya zo da tunaninsa na malami, cewa muradin Najeriya zobe-zobe ne: na ciki tsaronmu da maƙwabta, sai Afirka ta Yamma, sai nahiyar, sai sauran duniya. Tunani ne mai kyau, har gobe ana koyar da shi. Amma wata shida da hawansa, ranar 5 ga Yuli 1984, jami'an kwastan na Ingila suka buɗe wani akwati da ake shirin kaiwa Legas da sunan jakar diflomasiyya a filin jirgin Stansted, suka tarar da Umaru Dikko, tsohon ministan Shagari da gwamnatin soja ke nema, a sume, tare da likitan da ke kula da numfashinsa. Gwamnati ta ce ba hannunta, amma ma'aikatar waje ce ta sha ɗawainiyar abin da ya biyo baya: korar jami'ai daga ɓangarorin biyu da janye manyan jakadu. Me ya ba kwastan damar buɗe akwatin? Yarjejeniyar Vienna ta 1961, sashe na 27, ta hana buɗe jakar diflomasiyya, amma ta ce dole jakar ta ɗauki alamar da ido ke gani a jikinta. Akwatin bai cika wannan sharaɗi ba. Ka ga ilimin da ya yanke hukunci a ranar, na ƙaramin jami'i ne mai kula da hatimi da takardar rakiya, irin aikin da kake rainawa yanzu.

Inda ya kamata ka tsaya ka yi nazari sosai shi ne shekarunsa a New York, daga 1990 zuwa 1999, yana wakilin dindindin na Najeriya. Ya yi aiki ƙarƙashin Babangida, Shonekan, Abacha, Abdulsalami da Obasanjo, kujera ɗaya, iyayen gida biyar. A 1994 Najeriya na cikin Kwamitin Sulhu lokacin da kisan kiyashi ya ɓarke a Ruwanda. An harbo jirgin shugaban ƙasar ranar 6 ga Afrilu, washegari aka kashe sojojin Beljiyam goma da ke cikin dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya a can, Beljiyam ta ce za ta kwashe nata. Najeriya, da sunan ƙasashen 'yan ba-ruwanmu da ke kwamitin, ta gabatar da daftarin ƙara wa dakarun Majalisar ƙarfi. Bai samu karɓuwa ba. Ranar 21 ga Afrilu aka zartar da ƙuduri mai lamba 912, wanda ya rage dakarun daga kusan 2,500 zuwa 270, ana tsakiyar yanka mutane, kuma ba ƙasar da ta ƙi ɗaga hannu, har da mu. Sai a watan Mayu, Gambari na riƙe da shugabancin kwamitin, aka amince da dakaru 5,500, su ma ba su isa a kan kari ba. Mutum wajen 800,000 suka halaka cikin kwana ɗari.

Hujjarsa ta fi ta kowa ƙarfi a ɗakin nan, kuma tarihi ya gaskata shi. Amma ƙuduri ba ya wucewa da ƙarfin hujja. Ƙuri'a tara yake so cikin goma sha biyar, kuma kada ɗaya daga manyan nan biyar ya hau kujerar na ƙi. Malami in ya yi gaskiya ya wallafa, aikinsa ya kammala. Jakada in ya yi gaskiya bai tara ƙuri'a ba, ya dawo hannu rabbana. Tara ƙuri'a kuwa sana'a ce da ake koya a kujerar baya.

Ga yadda kujerar take. Yawancin aikin kwamitin ba a babban zauren da kake gani a talabijin ake yin sa ba, a wani ƙaramin ɗaki ne na gefe, inda babu 'yan jarida kuma ba a ajiye rubutaccen bayanin zama. Jakada na gaba, kai kana bayansa da littafi a cinya. Daftari na gabanka, kalmomin da ba a daidaita a kansu ba an saka su cikin baka, wani lokaci a kwashe yini ana jayayya kan ko za a ce kwamiti "ya buƙaci" ko "ya yi kira". Aikinka ka rubuta wanda ya yi magana, da wanda ya yi shiru alhali jiya shi ne mai zaƙewa, da wanda ya fita waya ya dawo da sabon matsayi. In an tashi, kowa ya nufi liyafa, kai ka koma ofis ka rubuta rahoto a daren, domin gida sun riga ku da awa biyar ko shida, kuma umarnin yadda za a jefa ƙuri'a dole ya iso kafin zaman gobe. Sakin layi na farko ya faɗi abin da kake nema daga gida da ƙarfe nawa kake son sa. Abin da ka ji da kunnenka ka ware shi daban da abin da kake zato. Shafi biyu ya isa. Babban sakataren ma'aikata ba zai karanta na uku ba. Na ga masu manyan digiri da wannan ya gagare su, don sun saba fara rubutu daga tarihin matsala tun zamanin Turawa.

Sai abin da ba ka tambaya ba, wanda shi ne mafi nauyi. Ranar 10 ga Nuwamba 1995 gwamnatin Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa, marubuci mai fafutukar kare haƙƙin mutanen Ogoni na Neja Dalta, da mutum takwas a Fatakwal. Ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila ta dakatar da Najeriya, kuma babban sakatarenta a lokacin ɗan Najeriya ne, Emeka Anyaoku, wanda ya faro daga ƙasa a aikin nan namu. A New York, Gambari ne ya tsaya ya kare matsayin gwamnati. Ba shi ya kafa kotun ba, ba shi ya sa hannu a hukuncin ba, amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Shekara goma sha uku bayan haka, a 2008, gwamnatin 'Yar'aduwa ta ɗauko shi ya jagoranci shirin taron Neja Dalta, mutanen yankin suka ce ba su yarda ba saboda kalamansa na wancan lokaci, dole ya janye. Da Buhari ya naɗa shi shugaban ma'aikatan fadarsa a Mayun 2020, bayan rasuwar Abba Kyari, maganar ta sake tasowa. A ganina, umarni ya tilasta wa jakada ya isar da matsayin ƙasarsa, amma bai tilasta masa ya ƙara gishiri daga aljihunsa ba, kuma abin da mutane ke riƙewa gishirin ne. Wanda ya shigo da sunan farfesa ya fi kowa shiga wannan haɗari, domin sunan nasa ake so a ara a lulluɓe abin da ba ya lulluɓuwa. Ƙaramin jami'in da ya taso a cikin gida yana koyon inda iyakar take tun kan ƙananan abubuwa, kafin babbar rana ta zo.

Sauran aikinsa a Majalisar Ɗinkin Duniya ka san shi: Angola, shugabancin sashen harkokin siyasa daga 2005, Myanmar, sannan Darfur daga 2010 zuwa 2012. A Myanmar sojoji sun bar shi ya gana da jagorar 'yan adawa Aung San Suu Kyi a Mayun 2006 tana tsare a gida, aka yi ta murna. A Agustan 2008 ita da kanta ta ƙi ganin sa. Mai shiga tsakani ba shi da soja ba shi da kuɗi, jarinsa kawai ɓangarorin biyu su ci gaba da buɗe masa ƙofa, kuma kowace ziyara da ta wuce ba sakamako tana rage wannan jari. A Janairun 2012 ya halarci bikin auren shugaban Chadi Idriss Deby a Khartoum, aka ɗauke shi hoto da shugaban Sudan na lokacin, Omar al-Bashir, wanda kotun manyan laifuka ta duniya ke nema, masu kare haƙƙin ɗan Adam suka kai ƙara wurin babban sakataren Majalisar na lokacin, Ban Ki-moon. A wurinmu zuwa biki zumunci ne. A wannan aiki har inda ka tsaya a hoto sai an yi masa fassara.

To ga shawarata. Je ka wurin daraktanka ka roƙi a riƙa tafiya da kai taro a matsayin mai ɗaukar bayani, ko da taron kwamitin da kowa ke gudu ne. Ka dage da Faransanci har ka iya rubuta wasiƙar ofis da shi. Nijar, Chadi, Kamaru da Benin ne suka kewaye mu, kuma jami'in da ba ya buƙatar tafinta a Yamai ko Njamena ba a mantawa da shi in ana rabon aiki. Ka yi zangonka na farko a waje, ka fi son ƙaramin ofishin jakadanci inda mutum ɗaya ke yin biza da safe, rahoton siyasa da rana, tarbar baƙi a filin jirgi da dare. In ka dawo, sai ka nemi hutun karatu, kana riƙe da aikinka. A lokacin za ka san abin da kake son bincike a kai, kuma ka zaɓi abu ƙarami mai zurfi: Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964, ko yadda aka bi daga hukuncin Bakassi na 2002 zuwa yarjejeniyar Greentree ta 2006 da Najeriya da Kamaru suka ƙulla don aiwatar da shi. Shi kansa Gambari, littafin da ya wallafa a 1989 kan tsara manufofin waje ya yi armashi ne don ya rubuta shi bayan ya zauna a kujerar minista ya ga bambancin abin da ya koyar da abin da ya tarar.

Rahoton farko da za ka rubuta, in ba na sirri ba ne, turo mini kafin ka miƙa, in bi shi da jan biro. Ka gaishe da mahaifinka.