Kada Baba ya ajiye sauran magungunan ciwon ƙirjinsa

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce an rubuta masa magani huɗu saboda ciwon ƙirjin nan na anjaina, shi kuma ya ce na ƙarƙashin harshe kaɗai zai riƙe, tunda shi ne yake jin aikinsa. Na daɗe ina fama da wannan ciwo, don Allah ki lallashe shi kada ya yi haka.

Ciwon yana tasowa ne idan jijiyoyin da ke ciyar da zuciya suka ƙuntata, jinin da ke isa gare ta ya kasa, musamman wajen hawa bene ko ɓacin rai. Nitroglycerin da ake sawa ƙarƙashin harshe yana sassauta jijiyoyi, jinin da ke komawa zuciya ya ragu, aikinta ya yi sauƙi. Cikin 'yan mintuna sai ka ji abin da ya danne ƙirjin ya ɗaga. Baba ya zauna kafin ya sa, domin jini yana sauka, jiri na iya kayar da shi. Ni goshina ne ke sarawa bayansa, amma yana wucewa. In bayan minti 5 bai lafa ba ya ƙara ɗaya, in wasu minti 5 suka wuce yana nan, a garzaya asibiti, kada a jira gari ya waye.

To amma wannan kashe gobara ne kawai. Bisoprolol ko atenolol su ne ke rage saurin bugun zuciya don kada ciwon ya taso tun farko, kuma barinsu farat ɗaya na iya tayar da shi fiye da da. Mai asma ya faɗa wa likita, sau da yawa akan sauya masa da amlodipine, shi kuma yakan kumbura ƙafa. Aspirin da atorvastatin ba zai taɓa jin aikinsu a jikinsa ba, shi ya sa mutane ke raina su, alhali ɗaya yana hana jini dunƙulewa ya toshe jijiyar, ɗayan yana rage kitsen da ke taruwa a cikinta.

Akwai kuma maganar da ta fi ƙarfin bakinki, sai ki sa yayanki ko likita ya gaya masa: mai amfani da nitroglycerin ba ya shan maganin ƙarfin maza na Viagra da ire-irensa. Haɗa su na iya saukar da jini har mutum ya suma, ko ma a rasa shi.