Katun ɗin da ya tsaya a tsakiyar labari

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kalli wani tsohon katun na The Lord of the Rings, na shekarar 1978. Abu biyu suka ɗaure min kai. Mutanen ciki suna motsi tamkar mutane na gaskiya, wasu ma kamar hoto ne aka shafa wa launi. Sannan ana cikin yaƙi sai fim ya ƙare, zoben ma ba a kai shi inda za a kai shi ba. Yanke min aka yi, ko haka yake? Kuma yara za su iya kalla?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ba wanda ya yanke maka komai, haka fim ɗin ya fito. Abubuwan biyu da ka lura da su kuwa tushensu ɗaya, wato tsadar zanen hannu.

Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Wannan da ka kalla ya haura awa biyu, hotunansa sun kai wajen dubu 190. A lokacin babu kwamfutar da za ta taya aiki. Masu katun kan rage wahala su bar zane ɗaya ya tsaya wa hoto biyu, amma duk da haka aikin ba na wasa ba ne. Zana ɓera yana gudu abu ne mai sauƙi. Littafin marubuci Tolkien da aka ɗauko labarin daga ciki kuwa cike yake da rundunoni, da dawakai suna sukuwa, da ɗaruruwan mayaƙa a fili guda, ga shi duk mai zane ya san ƙafafun doki ba su da daɗin zanawa.

Sai daraktan, Ralph Bakshi, ya ɗauko wata tsohuwar dabara da ake kira rotoskof, wadda Max Fleischer ya ƙirƙiro tun 1915. Aka sa 'yan wasa na gaskiya suka saka kaya, aka ɗauke su da kyamara, wani ɓangaren a ƙasar Sifen, sannan masu zane suka riƙa bin hoton ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ɗan firamare ke ɗora takarda shara-shara a kan taswira yana bin layi. Shi ya sa tafiyar Aragorn da jujjuya hannun Gandalf, jaruman labarin, suka yi maka kama da na mutum: na mutum ɗin ne. A wuraren yaƙi ma ba a tsaya zanawa sosai ba, hoton 'yan wasan aka ƙara wa duhu da launi aka ɗora a kan zanen bango. Ni a ganina dabarar ta dace da baƙaƙen mahayan nan masu farautar zoben, don ta sa sun zama abin tsoro na gaske. Amma a yaƙin Helm's Deep na ƙarshen fim ɗin ta tona asirin kanta, kana ganin mutane ne sanye da abin rufe fuska.

Batun ƙarshe kuma, littafin ya fito ne kashi uku a 1954 da 1955, Bakshi ya yi niyyar raba shi fim biyu. Na farkon ya cinye kashi na ɗaya da wani yanki na kashi na biyu. Kamfanin United Artists ya ƙi a rubuta "kashi na ɗaya" a jikin sunan, wai kada mutane su ƙi biyan kuɗi don rabin labari. Jama'a suka shiga silima da zaton cikakke ne, suka fito da irin tambayar da ka yi. Fim ɗin ya ci riba, amma na biyun bai taɓa samuwa ba.

Idan ka ci karo da katun mai suna The Return of the King na 1980, kada ka ɗauka ci gaban wannan ne. Aikin kamfanin Rankin/Bass ne, waɗanda suka yi The Hobbit a 1977 don talabijin ɗin Amurka, kuma zanensu da waƙe-waƙensu daban ne gaba ɗaya. Masu zanen nasu a Japan suke, a wani kamfani da ake kira Topcraft, wanda bayan rushewarsa wasu ma'aikatansa suka shiga Studio Ghibli, fitaccen kamfanin katun na Japan da aka kafa a 1985. Shi kansa Peter Jackson, daraktan da ya yi finafinai uku na The Lord of the Rings daga 2001 zuwa 2003, ya ce ta fim ɗin Bakshi ya fara sanin labarin.

Yara kuwa, kada kalmar katun ta ruɗe ka. Bakshi ya yi suna ne da katun na manya, kuma a nan akwai jini, akwai sara da suka, ga mutuwar jarumi Boromir da kibau a jikinsa. Ƙananan yara a fara musu da The Hobbit na 1977, bai kai awa ɗaya da rabi ba, kuma labarinsa ya kai ƙarshe. Shi ma dai akwai dodo da manyan gizo-gizo a ciki, gara ka zauna tare da su.