Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Tsohon Shayin Sin da Ake Kira Pu'er

Tambayoyin wannan makon duk sun taru ne a kan baƙin shayin nan na ƙasar Sin da ake curawa kamar faifai a ajiye shi shekaru, wanda 'yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou ke dawowa da shi tsaraba. Kamar kullum, abin da na rubuta a nan ba zai maye gurbin ganin likita ido da ido ba.

Tambaya: Likita, an ba ni curin wannan shayi, aka ce mini tsima shi ake yi. Shin akwai barasa a cikinsa?

Amsa: Malam, ba ya bugarwa, domin irin tsimin da ake yi masa ya fi kama da yadda ake sarrafa kalwa ta zama daddawa. Ganyen shayi ne mai faɗi da ake nomawa a lardin Yunnan na kudu maso yammacin Sin, kuma ya samo sunansa daga garin Pu'er, inda a da fatake ke ɗora shi bisa dawaki da alfadarai zuwa Tibet. Iri biyu ne. Akwai ɗanye, wanda suke kira sheng, da ake bari ya nuna a hankali cikin shekaru. Akwai kuma nunanne, wato shou, wanda aka fara yin sa a Kunming, babban birnin Yunnan, a 1973: ana jibge ganyen, a yayyafa masa ruwa, a lulluɓe shi, a riƙa juya shi har kimanin wata ɗaya da rabi zuwa biyu, sannan a busar da shi sarai.

Tambaya: Likita, mahaifina yana da ciwon hanta nau'in B, an gano shi shekara uku da suka wuce. Wani abokin kasuwancina ya kawo mini curi biyu na wannan shayi, na ajiye su a cikin akwati a ɗaki tun kafin damina. Da na buɗe sai na tarar gefensu ya yi fumfuna, wani wuri fari, wani wuri kore, yana kuma warin rima. Abokin nawa ya ce ai fumfunar ita ce maganin, kuma tana wanke hanta. Yau kwana goma ke nan ina dafa wa Baba safe da yamma. Na yi daidai?

Amsa: Ɗan'uwa, ba ka yi daidai ba, ko da yake na san ƙaunar mahaifi ce ta sa ka. Ka daina ba shi daga yau, ka zubar da curin biyu gaba ɗaya, kada ka kankare gefen da ya lalace ka ce sauran yana da kyau. Abin da ido ke gani a sama 'ya'yan fumfunar ne kawai, saiwoyinta kuwa sun riga sun ratsa cikin curin kamar yadda gara ke cin azara ta ciki alhali bayanta na nan lafiya lau.

Na fahimci inda abokinka ya samo wannan magana, domin akwai ƙwayar gaskiya a cikinta, kuma irin wannan maganar ce ta fi wuyar kawarwa. Gaskiya ne cewa ƙananan halittu ne ke nunar da wannan shayi, har da wasu dangin fumfuna. Amma aikinsu yana faruwa ne a masana'anta, inda ake auna ruwan da aka zuba, ake lura da zafin tsibin ganyen, ake juya shi a kan lokaci, daga ƙarshe kuma a busar da shi har aikin ya tsaya. Abin da ya tsiro a cikin akwatinka a watan Agusta babu wanda ya zaɓe shi, babu kuma wanda ya san ko wane iri ne. Duk macen da ta iya daddawa ta san bambancin kalwar da ta nuna da wadda ta ruɓe, kuma ba za ta zuba ruɓaɓɓiya a miyar maigidanta ba don kawai dukansu biyu suna da wari.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hantar mahaifinka. Akwai wata fumfuna mai launin kore-kore da ɗorawa, wadda ke fitar da gubar da ake kira aflatoksin. Ita ce muke yaƙi da ita a gyaɗa da masarar da aka zuba a rumbu ba su gama bushewa ba, kuma hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta a rukunin farko, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam. Hanta take nufa kai tsaye. Idan ta tarar da hantar da ƙwayar cutar nau'in B ta riga ta raunana, haɗarin ciwon dajin hanta yakan ninka ƙwarai fiye da na mai ɗauke da ɗaya daga cikinsu kaɗai. Tafasa ba ta kashe wannan guba, domin tana jure zafin da ya ninka na tafasasshen ruwa fiye da sau biyu, saboda haka ɗaurayar da mashaya shayin ke yi wa ganyen da ruwan zafi a zubar tana kawar da ƙura ne kawai. Don adalci, ganyen shayi ba shi da mai da sitaci irin na gyaɗa da masara, kuma shayin da aka sarrafa da kyau aka ajiye a busasshen wuri ba a cika samun wannan guba a cikinsa ba. Sai dai naka ba a busasshen wuri ya kwana ba, kuma ni da kai ba mu da idon da zai bambance fumfuna mai guba da marar guba.

Wataƙila wani ya ce maka a Sin ma ana sayar da shayi mai ɗigon ɗorawa a ciki da tsada. Wannan wani shayi ne dabam, bulon Fu na lardin Hunan, wanda ake raino masa wata halitta ta musamman da gangan, suna kiranta furen zinariya. Ƙananan ƙwayoyi ne busassu a cikin bulon, ba su da gashi-gashi, ba sa warin rima. Kada wannan ya zama hujjar shan abin da ya lalace a akwati.

Batun wanke hanta kuwa, na gaji da jin sa. Hanta ba tukunya ba ce da za a zuba mata ruwa a cuɗa. Na ga mutane da yawa da suka bar asibiti suka koma jiƙe-jiƙe da tsime-tsime da sunan wanki, suka dawo mana ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, a lokacin da abin da za mu iya yi ya ragu. Ciwon hanta nau'in B yana da magani na gaskiya, irin su tenofobir, wanda ke danne ƙwayar cutar ga waɗanda gwaji ya nuna suna buƙatarsa. Ka kai Baba asibiti cikin wannan makon, ka faɗa wa likitansa abin da ya sha da tsawon kwanakin ba tare da ɓoye komai ba, a yi masa gwajin aikin hanta da hoton ciki. Kwana goma ba lallai ne su yi masa lahani mai ɗorewa ba, don haka kada ka ɗaga hankalinka fiye da kima, amma a duba shi. Idan kuwa ka ga idonsa ya yi ɗorawa, ko fitsarinsa ya yi duhu, ko cikinsa na kumbura, ko ya yi aman jini ko baƙin bayan gida, ko ya fara ruɗewa da yawan barci da rana, to kada ka jira gari ya waye. Kai da sauran 'yan gidan ma ku je a gwada ku, wanda ba ya ɗauke da cutar a yi masa rigakafi.

Tambaya: Kofi nawa ya kamata in sha a rana? An ce tsufa yana kashe ƙarfinsa, ba ya hana barci.

Amsa: Tsufa yana tausasa ɗacinsa, amma sinadarin kafeyin yana nan. Kofi biyu zuwa uku marar kauri ya ishi baligi mai lafiya, kuma a daina bayan la'asar. Idan yana sa ka saurin bugun zuciya ko rawar hannu, ka rage, idan abin bai daina ba ka ga likita.

Tambaya: Ina da juna biyu wata biyar, kuma a wurin awo an ce jinina ya yi ƙasa, an ba ni ƙwayoyin ƙarin jini. Zan iya shan wannan shayi?

Amsa: Hajiya, gara ki jingine shi har ki sauka lafiya. Kowane irin ganyen shayi yana ɗauke da sinadarin da ke kama ƙarfen da ke cikin abinci, musamman na wake da ganye da hatsi, ya hana hanji tsotse shi, kuma haka yake yi wa ƙwayoyin da aka ba ki. Idan kwaɗayin ya matsa miki, ki sha kofi ɗaya marar kauri, tsakaninsa da abinci ko maganin a samu tazarar awa biyu. Yawancin likitocin mata suna shawartar mai ciki kada kafeyin ɗinta ya wuce miligiram 200 a rana, kuma a cikin lissafin har da gahawa da lemon kwalba mai baƙin launi da goro. Ki ci gaba da zuwa awo, kuma idan kina jin jiri ko haki ko kumburin ƙafa da fuska, ki koma asibiti kafin ranar da aka ba ki.

Tambaya: Likita, ina da hawan jini da teɓa. Na sayi wani shayin Pu'er na rage ƙiba a leda, ina sha ina zawo, har na rage kilo uku. Na ajiye maganin hawan jinin tun da abin yana aiki.

Amsa: Alhaji, ka koma kan maganinka yau, ka kuma je a auna jininka. Wa ya gaya maka zawo rage kitse ne? Kilo ukun nan ruwan jikinka ne da gishirinsa suka tafi, kuma ƙodarka ce ke biyan kuɗin. Pu'er na gaskiya ba ya sa zawo irin wannan, saboda haka ina kyautata zaton an haɗa naka da ganyen filasko ko wani abu makamancinsa. An sha kama kayan rage ƙiba da aka ɓoye sibutramin a cikinsu, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka da Sin a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, wato daidai abin da mai hawan jini ke gudu. An yi bincike a kan ko Pu'er na rage maiƙon jini, amma galibinsa a kan ɓeraye ne, kuma abin da aka gani a jikin mutane kaɗan ne, bai kai ya tsaya a madadin ko da ƙwaya ɗaya ta magani ba. Hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum. Ka ɗauki ledar ka tafi da ita wurin likitanka.

Tambaya: Yaya zan ajiye shi a nan Kano kada ya lalace?

Amsa: Masu ajiye shi suna neman damshin iska na kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, mu kuwa yanayinmu yana kai mu ƙarshen biyu: hunturu ya busar da shi ƙayau har ƙamshinsa ya tafi, damina kuma ta jiƙa shi. Ni a matsayina na likita bushewar ba ta dame ni ba, domin ɗanɗano kawai take ragewa, damshin nake tsoro. Ka bar shi cikin takardarsa, ka sa a kwali mai tsabta ko tulun ƙasa busasshe, a kan kanta nesa da ƙasa da bango, inda rana ba ta dukansa. Kada a sa shi a firji, domin idan aka ɗauke wuta raɓa takan kwanta masa. Ganyen yana zuƙar wari kamar soso, don haka a nisanta shi da kicin, da kananzir, da maganin sauro, da ɗakin da uwargida ke turaren wuta. Daga Yuli zuwa Satumba ka riƙa buɗewa kana shinshinawa duk mako biyu. Mai kyau yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya sauka a kanta ko na tsohon itace, kuma ruwansa ja ne mai duhu amma garau. Wanda ya yi laushi a hannu, ko ruwansa ya yi gurɓi, ko yake ƙaiƙayin maƙogwaro, a zubar.

Tambaya: Ina zuwa Guangzhou sarin kaya. An nuna mini curi aka ce shekararsa talatin, a farashi mai sauƙi. In saya?

Amsa: Kada ka saya. Shayin da ya kai wannan shekaru da gaske tsadarsa ta wuce a tallata wa baƙo a bakin hanya, kuma sanannen abu ne cewa wasu na jibge sabon shayi a ɗaki mai damshi don ya yi kamannin tsufa, suna kuma buga takardun jabu. Tun kafin farashinsa, da ya yi tashin gwauron zabi, ya faɗo a 2007 ake fama da wannan. Ka je kasuwar shayi ta Fangcun ko shago tsayayye, ka nemi wanda aka rubuta sunan masana'anta da ranar yi a takardarsa, ka sa a dafa maka ka ɗanɗana kafin ka biya. Cikakken curi giram 357 ne, kuma bakwai ake ɗaurewa wuri ɗaya cikin ɓawon gora. Ka guji mafi arahar bulo da aka yi da tsofaffin ganye da karare, domin tsohon ganye yana tara sinadarin fuloraid, kuma a Tibet, inda ake tafasa irin wannan bulo ana sha kullum, an ga ya ɓata haƙora ya kuma taɓa ƙasusuwan mutane. Idan sayarwa za ka yi a Najeriya, sai da rajistar NAFDAC.

Tambaya: Zan iya dafa shi a buta kan gawayi kamar yadda muke yi wa koren shayi a Zinder, in kuma ba yara?

Amsa: Ba ya buƙatar doguwar tafasa. Ka ɓantari kamar giram biyar, ka ɗauraye da ruwan zafi ka zubar, sannan ka zuba wani ruwan ka tace bayan daƙiƙa ashirin zuwa talatin, kuma ganye ɗaya zai ba ka zubi da yawa. Ka bari ya huce kafin ka kurɓa, domin tun 2016 aka sanya abin sha da zafinsa ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon dajin maƙoshi. Ƙananan yara kuwa a ba su madara ko kunu, kuma yaron da tafin hannunsa ya yi fari a kai shi a auna jininsa.