Baƙin Layi a Gefen Ciko

Jiya muna wanke hannu ka tambaye ni me ya sa cikon haƙorin da ka yi wa dattijon nan na Argungu ya dawo da baƙin layi a gefe, ga zugi in ya kurɓi ruwan sanyi, alhali ka haska shi da fitilar daskarar da ciko har ya yi tauri kamar dutse. Har da cewa ko mu sayo fitila mai ƙarfi. Jama'a sun yi yawa ban samu na amsa maka ba. To saurara, ɗana.

Taurin sama ba shaida ba ne. Farin cikon nan, kwamfozit, da zarar shuɗin haske ya taɓa shi yakan daskare, yana daskarewa kuma yana tsukewa, wajen kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na girmansa. Ka taɓa ganin mai yaɓe ya lafta laka mai kauri a bango, ranar Birnin Kebbi ta Afrilu ta buge ta? Kafin la'asar ta tsattsage ta saki bangon. Ramin da ke saman turmin haƙori bango huɗu gare shi, ga ƙasa ta biyar, duk suna riƙe da cikon, fuska ɗaya ce kawai a sake. In ya tashi tsukewa kowane ɓangare yake ja, inda gam ɗin da ke manne ciko da haƙori ya fi rauni nan yake ɓallewa. Ido ba ya ganin tsagar, amma miyau ya san hanya, shayi da goro su bi sahu, ƙwayoyin cuta su samu ɗaki.

Na tuna aikin ranar. Dunƙule ɗaya ka danna a rami mai zurfin milimita 4. Kwamfozit ɗin da muke da shi, haske ba ya ratsa shi yadda ya kamata fiye da milimita 2, sai ya zama waina ce ta soyu a baya, ciki ƙullu. Akwai irin da aka yi musamman don kaurin milimita 4, a jikin kwalinsa ake rubutawa, namu ba shi ba ne. Ɗan kaɗan za ka riƙa ɗiba, ka kwantar da shi a karkace ya jingina da bango ɗaya, ka haska daƙiƙa 20, sannan ka koma ɗaya bangon. Launi mai duhu ka ba shi 40.

Sai riƙon fitila, nan ne yawancinku kuke sakaci. Bakinta ya matso dab da cikon, ya fuskance shi sak, don ko ɗan nisa kaɗan yana rage ƙarfin hasken. Na sha ganinka ka danna maɓalli ka kau da kai don tsoron ido, hannu kuwa ya zame, kana ta haska kumatun bawan Allah. Garkuwar nan mai ruwan lemo don haka aka yi ta, ka duba ta cikinta. Ka goge bakin fitilar, busasshen kwamfozit da ya manne yana tare haske. In an kwana babu wuta fitilar ba ta samu caji ba, gwada ta a ma'aunin haske tukuna.

Fitila mai ƙarfi ba za ta gyara wannan ba. Tsukewar ce za ta zo da gaggawa, ga zafi da zai iya damun jijiyar haƙori. Tamu ma tana da tsarin da ke fara haske a hankali ya riƙa ƙaruwa, don cikon ya samu sararin miƙewa kafin ya kama. Ina amfani da shi, amma a ganina taimakonsa bai kai na shimfiɗa kaɗan-kaɗan ba. Kuma in miyau ya taɓa wurin bayan ka sa gam, tsaya ka sake daga farko.

Dattijon zai dawo ranar Laraba. Kai za ka cire cikon ka sake shi, ni ina bayanka ina kallon hannunka.